MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE YI MASA YOYO

Daga wani ɗan Mada, Aji Biyar

'Yan'uwana ɗalibai, da malamaina masu daraja, ina neman izininku in tsoma baki cikin wata magana wadda wani zai ce ta fi ƙarfin shekaruna. To, amma ai Hausawa sun ce ba don tsawo akan ga wata ba. Maganar kuwa ita ce ta haƙar ma'adinai a buɗaɗɗen rami, irin wadda ake yi wa kwal, da kuma wanda ya cancanta ya ce "a haƙa nan" ko "kada a haƙa nan." Ni mutumin Mada ne, cikin ƙaramar hukumar Gusau, maƙwabcin mutanen Tsafe da na Bunguɗu. Ƙasarmu ta noma ce: dawa, gero, masara, gyaɗa, auduga da waken suya. A ganina, bai kamata a buɗe rami a ƙasar kowane gari ba sai da yardar mutanen garin da majalisar ƙaramar hukumarsu, yarda kuma ta bainar jama'a, a rubuce. Ga dalilaina.

Da farko ya kyautu mu san abin da ake nufi da buɗaɗɗen rami. Haƙar kwal iri biyu ce. Akwai ta ƙarƙashin ƙasa, inda ake yin rami kamar na gafiya, ma'aikata su kutsa ciki da fitilu, saman ƙasa kuwa yana nan yadda yake. Irin wannan aka yi a Inugu, inda aka gano kwal a yankin Udi a 1909, har aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Fatakwal domin ɗaukarsa. Akwai kuma ta buɗaɗɗen rami, wadda ake yi idan kwal ɗin bai yi nisa ba. A nan katafila ce take zuwa ta tuge itatuwa, ta yaye ƙasar noma kamar yadda mahauci yake feɗe akuya, sa'an nan a fasa duwatsu da marmarar da ke ƙarƙashi, a tara su tsibi-tsibi, a yi ta gangarawa hawa-hawa har a kai ga kwal. Wannan hanya ta fi arha ga kamfani, ta kuma fi sauƙin haɗari ga ma'aikaci, amma ga manomi ita ce mafi muni, domin gonar ce kanta take tafiya.

Abin kuwa bai tsaya a bakin rami ba. Idan rami ya yi zurfi ruwa yakan ɓuɓɓugo a cikinsa, tilas a sa inji a riƙa zuƙe shi, rijiyoyin da ke kewaye kuma sai su fara ja da baya. Duwatsun da aka tono tare da kwal sau da yawa suna ɗauke da farar wuta, idan iska da ruwan sama suka taɓa su sai ruwan ya yi tsami, ya gangara rafi inda dabbobi ke sha. Ga ƙura da rani, ga ƙarar nakiya mai tsaga bango, ga manyan motoci suna ratsa gari dare da rana. Duk wannan a kan wa yake sauka? A kan wanda gidansa yake kusa.

To, yanzu mu duba abin da doka ta ce. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk wani ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasar Nijeriya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta maimaita haka, ta kuma ce amfani da fili domin haƙar ma'adinai yana gaba da sauran amfani. Lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake fitowa, wanda hedkwatarsa take Abuja. A can an rarraba taswirar ƙasa gida-gida kamar gurbin dara, kowane gurbi kimanin hekta 20, wanda ya riga nema kuma shi ake fara dubawa. Mai duba taswirar nan ba zai ga rijiyar da gari yake sha ba. Ba zai ga burtali ba, ba zai ga fadamar da mata suke samun kayan miya ba, ba zai ga kushewar kakanninmu ba. Layi da lamba kurum zai gani.

Gaskiya ne dokar ba ta mance da mutanen gari ɗungum ba. Ta hana haƙa a wurin da gari, ko kasuwa, ko makabarta take. Ta ce a sanar da mai fili a nemi yardarsa, a biya shi diyya. Ta ce kafin kamfani ya fara aiki sai ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da jama'ar wurin, wadda za a riƙa sabuntawa bayan kowace shekara 5. Ta kafa kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Akwai kuma dokar 1992 wadda ta wajabta binciken illar babban aiki ga muhalli kafin a soma shi. Amma ku lura da kyau: kwamitin jiha shawara yake bai wa minista, ba hukunci yake yankewa ba. Yarjejeniyar raya ƙasa kuwa magana ce ta makaranta da asibiti da burtsatse, ba magana ce ta ko za a haƙa ko ba za a haƙa ba. Yardar mai fili guda kuma ba ita ce yardar gari ba, domin ƙurar da za ta tashi daga gonarsa ba ta san iyakar gona ba.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne wannan. Shi dai tsarin mulkin nan, a jadawalinsa na huɗu, ya damƙa wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da makabartu, da kwashe shara. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ba ta ikon ba da takardar mallakar gona a karkara. Wato ke nan an amince ta san inda ya dace a yanka saniya, amma ba a amince ta san inda ya dace a tona ramin da zai haɗiye gonaki ɗari ba! Jama'a, wanne ya fi girma, kwata ko ramin kwal?

Kada wani ya ce maganar kwal ta mutanen nesa ce. A nan Arewa, a ƙauyen Maiganga na ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, kamfanin siminti na Ashaka ya soma haƙar kwal a buɗaɗɗen rami tun wajen 2007, domin hura wutar masana'antarsa. Sai da aka tashi mutanen ƙauyen aka mai da su wani sabon matsuguni. Jaridu sun sha ɗauko kukansu a kan ruwan sha, da gonakin da suka rasa, da ingancin gidajen da aka gina musu, da kuma alkawuran da suka ce ba a cika ba. Ni ban ce kada a yi siminti ba, ai da shi aka gina ajin da nake karatu. Abin da nake cewa shi ne, da tun farko sai da hannun majalisarsu za a fara aiki, da sun yi ciniki suna da ƙarfi, ba su koma suna roƙo daga baya ba. Wanda kuma yake son ganin ƙarshen ramin da ba a ɗaure mai shi da sharaɗi ba, ya je Jos da Bukuru da Barikin Ladi. Kamfanonin Turawa sun kwashe kuza tun farkon ƙarni na 20, sun tafi, sun bar ɗaruruwan kududdufai a inda da gonaki ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mu a Zamfara zinariya ce ta yi mana suna, ita ce kuma ta koya mana darasin da ba za mu mance ba. Ramin zinariya daban yake da na kwal, amma tambayar ɗaya ce: a ina za a yi aikin, kuma wa zai faɗa? A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke da Bagega. Da aka bincika sai aka gane dutsen da ake samun zinariya a cikinsa cike yake da dalma. Mutane suna kawo shi cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yaro kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa baki zai kai. Yara fiye da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka ƙidaya gida-gida, an sami kusan ɗaya cikin kowane huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu cikin shekara guda. Dubbai kuma aka yi musu magani, dalma kuwa idan ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba ta cika gyaruwa ba.

Ku duba yadda aka shawo kan abin. An kankare ƙasar tsakar gidaje an zubo sabuwa, an ba yara maganin da yake fitar da dalma daga jini. Amma duk wannan da ya tashi a banza in da an ci gaba da niƙa dutse a gida. Su wa suka sa aka fitar da injuna bayan gari? Sarakuna da hakimai da dagatai, waɗanda mutane suka sani, suke kuma jin maganarsu. Kuɗin tarayya na share Bagega kuwa sai a 2013 ya fito, kusan shekara uku yara suna wasa a kan guba. A 2015 kuma irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wannan ya nuna mana ƙaramin hukunci, irin na cewa "niƙa sai bayan gari, nesa da rijiya," shi ne yake ceton rai, mai iya yanke shi da wuri kuwa shi ne na kusa.

Idan iko yana nesa, maganinsa ma na nesa ne. A watan Afrilu 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a duk faɗin jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. A watan Disamba 2024 ministan ma'adinai, Dele Alake, ya ba da sanarwar ɗage hanin. Fiye da shekara biyar ke nan, amma duk ɗan Zamfara ya san haƙa ba ta tsaya ba, daji kurum ta shige, masu bin doka suka zauna a gida, marasa bin doka suka ci kasuwarsu. Jihar nan ƙananan hukumomi 14 gare ta, halin kowace daban. Abuja kuwa maɓalli ɗaya take da shi, ko ta rufe duka ko ta buɗe duka. An rufe ba a tambaye mu ba, an buɗe ba a tambaye mu ba.

Bari in kawo misali daga ƙasar da muka gaji yawancin dokokinmu, wato Birtaniya. A can duk mai son buɗe ramin kwal, ko da ya sami lasisin kwal ɗin, sai ya nemi izinin amfani da fili daga majalisar yankin. Akan manna sanarwa, mutane su rubuto ra'ayinsu, kansiloli su yi zama ƙofa a buɗe su jefa ƙuri'a, mai neman izinin kuwa in bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa sama. A 2009 gwamnatin yankin Wales ta fito da ƙa'idar barin tazarar mita 500 tsakanin sabon rami da gidajen mutane. A watan Afrilu 2023 kansilolin garin Merthyr Tydfil suka ƙi ƙara wa babban ramin kwal na Ffos-y-fran wa'adi, aiki kuma ya tsaya a ƙarshen Nuwamba na shekarar. Amma akwai darasi na biyu. Kuɗin da aka ajiye domin cike ramin, kimanin fam miliyan 15, ya gaza abin da ake bukata nesa ba kusa ba. Ashe ko a can, ikon cewa "a'a" kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da karɓar jingina tun kafin katafila ta taɓa ƙasa. Tun ran gini, ran zane.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace da mu. Na ɗaya, a gyara dokar 2007 yadda ba wani lasisin haƙa da zai fara aiki sai majalisar ƙaramar hukuma ta ba da izinin wuri, bayan an yi taron jama'a a garin da abin ya shafa, an karanta takardu da Hausa, mata da makiyaya kuma sun sami bakin magana. Na biyu, kowace ƙaramar hukuma ta zana taswirarta, ta nuna rijiyoyi, da fadamu, da burtali, da makarantu, da makabartu, ta kuma yanka tazarar da rami ko injin niƙan dutse ba zai ƙetare ba. Na uku, kamfani ya ajiye kuɗin cike rami a banki tun farko, daidai da girman ramin, kuma a tara ƙasar noman da aka yaye a gefe guda domin a mayar da ita bisa idan an gama. Na huɗu, a riƙa gwada ruwan rijiyoyi kafin aiki da kuma lokacin aiki, a manna sakamakon a ƙofar fadar hakimi kowa ya gani. Na biyar, idan majalisa ta ƙi ba da izini ba bisa hujja ba, ko ta bayar bisa son zuciya, kowane ɓangare ya iya kai ƙara gaba.

Na san akwai masu ja da ni, kuma maganarsu abar saurare ce. Wasu za su ce arzikin ƙasa na 'yan Nijeriya ne duka, ba na wanda Allah ya sa a ƙarƙashin gonarsa ba. Na yarda. Da kuɗin man fetur na kudu aka gina makarantu da yawa a nan Arewa, ba kuma zan ce zinariyar Anka ta mutanen Anka ce su kaɗai ba. Amma mallakar abin da ke ƙasa daban, hanyar tono shi daban. Riba ta shiga asusun kowa, ba laifi. Ƙura da guba kuwa ba a raba su jiha-jiha, gari ɗaya ne yake shaƙa. Wanda zai sha wuyar shi ya kamata a fara tambaya.

Wasu za su ce shugabannin ƙananan hukumomi da masu sarauta ba su da wuyar saye. Wannan ma ba ƙarya ba ne, mun kuma ga yadda gwamnatin jiha ta tuɓe wasu sarakuna a 2019 da 2022 bisa zargin hulɗa da 'yan bindiga. Shi ya sa ban ce a ba mutum ɗaya wuƙa da nama ba. Cewa na yi a yi a bainar jama'a, a rubuta, a manna. Sayen mutum guda a ɗaki abu ne mai sauƙi, sayen gari guda a dandali kuwa da wuya. Bugu da ƙari, kansilan da ya ci amanar mutane a cikinsu yake kwana, tare za su yi jana'iza, tare za su ci kasuwa. Ma'aikacin da ya sa hannu a Abuja kuwa ko sunansa ba za mu taɓa ji ba.

Wasu kuma za su ce wannan zai kori masu zuba jari, alhali samarinmu suna zaune ba aikin yi. Ni ma ina da 'yan'uwa masu neman aiki, ban kuwa ƙi a haƙa ba. Amma mai jarin kirki ya fi son ya san sharuɗɗa tun farko da ya kashe dukiyarsa sa'an nan mutanen gari su tare masa hanya. Kuma mu tuna, rami yana da ranar ƙarewa, shekara ashirin ko talatin. Gona kuwa kakana ya ci, ubana yana ci, in an bar ta jikana ma zai ci. Ba hikima ba ce a sayar da saniyar tatsa domin cin nama na rana ɗaya.

Na ƙarshe, za a ce ina ƙaramar hukuma ta ga ƙarfin hana ɗan bindiga haƙa a daji? Ba ta da shi, wannan aikin soja da 'yan sanda ne. Amma jami'in tsaro ba ya aiki sai da labari, labari kuwa yana wurin mutanen gari. Idan suna da rajistar ramukan da suka amince da su, duk wani ramin da ba ya ciki an san na ɓarawo ne. Idan kuwa ba a taɓa shawartarsu ba, mai lasisi da marar lasisi duk baƙi ne a wurinsu, ba mai ce musu komai. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In har ana son su tsaya da ƙafafunsu, to a haɗa musu da aikin da ya fi kowane muhimmanci, wato tsaron ƙasa da ruwan mutanensu.

'Yan'uwana ɗalibai, wannan magana tamu ce. A cikinmu ne za a sami kansiloli, da safiyo, da lauyoyi, da malaman tsabta na gobe. Tun yanzu ma muna da abin yi. Idan muka je hutu, mu karanta wa iyayenmu duk takardar da baƙo ya kawo kafin su dangwala yatsa a kanta. Mu tambayi mai unguwa ko ya san wanda yake da lasisi a kan gonakin garinmu. Mu hana ƙannenmu wasa inda ake niƙa dutse, mu kuma hana su wanka a ramukan da aka bari. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun Bagega ya kama, na Maiganga ya kama, mu mutanen Mada da Tsafe da Bunguɗu kada mu jira sai katafila ta tsaya a bakin gona sa'an nan mu yi ihu bayan hari.

Ina roƙon wakilanmu na Majalisar Tarayya su ɗauki wannan gyara, domin a hannunsu dokar take. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, ya sa arzikin da ke ƙarƙashin ƙasarmu ya zama alheri gare mu da na bayanmu, amin.